Sakwarar Magdalena da Barcin Azahar

Anti Ihsan, ki taimake ni kafin in yi abin da zan yi nadama, ko kuma in yi shiru a cuce ni.

Shekaruna arba'in da ɗoriya. Na daɗe ina lodin kaya a Karmo, sai bana Allah ya ba ni aikin kula da sito a wani ofis a Garki. A bayan ofishin akwai wata mata 'yar Kwali, Magdalena, mai sayar da sakwara da miyar agushi. Ƙanenta Friday mataimakina ne, kuma shi aka sa ran zai samu kujerar da nake kai. Shi ke karɓo mana abinci, mu ci a kwano ɗaya kamar yadda na tarar ana yi.

To, da na wanke hannu sai jikina ya mutu. Zuciyata ta riƙa bugawa har ina jin ta a wuya, idanuna su yi nauyi. Oga ya kama ni ina gyangyaɗi, ya ce in ya sake gani sai dai in koma inda na fito. Shi kuwa Friday garau, har fito yake yi.

Ni mutum ne mai bin abu a hankali, kullum sai na rubuta yadda na wuni. Na gwada ƙin ci, na tauna gyaɗa kawai, ba barci. Na koma ci, barci ya dawo. Na kuma lura ɓangaren da nama ya fi yawa Friday yake juyo mini. Ladabi ne ko dabara? Wani lokaci in ce shaiɗan ne ke raya mini cewa barbaɗe ake yi mini a abincin, don matar nan ko kallon banza ba ta taɓa yi mini ba. Amma me ya sa ni kaɗai? So nake in kai ƙara wajen oga a hana ta sayarwa a nan. In kuskure na yi fa?

Mai Dogon Nazari, Garki

Malam, dakata da ƙarar nan.

Abin da ka haɗiye, ciki ne ke markaɗa shi, hanji ya tsotse amfaninsa ya zuba cikin jini, jini ya rarraba wa jiki. Shi ya sa bayan cin abinci jini mai yawa ke karkata wajen hanji, zuciya ta ƙara sauri. In abincin mai nauyi ne irin sakwara, kasala kan biyo baya. A Karmo kana ci ka miƙe ka ɗau buhu. Yanzu cin ɗan dako kake yi, ka zauna a kujera, Friday na ta zirga-zirga.

Gwajinka ya kama abincin, bai kama hannun kowa ba. Ran Asabar sa a daka maka sakwara a gida, ka ci yadda ka saba, ka zauna ka gani.

Ban ce ba a hassada a wurin aiki ba, kuma tsoronka na rasa aiki gaskiya ne. Amma da wuya mai shirin cutar da kai ya sa hannu a kwanonka. Rage loma, ka ɗan taka bayan ci. Ka je asibiti a auna maka suga da hawan jini, musamman in kana yawan ƙishirwa da fitsari. In da ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi, kada ka jira.

Zargin barbaɗe kuwa, in ya fita daga bakinka, ko an wanke matar nan ba mai sake sayen abincinta. Kada ka furta shi saboda barcin rana.

Allah ya ba ka lafiya da kwanciyar hankali.