Lugudenki a Hannun Nasiru

Zuwa ga Yayata Hajara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ƙanwa ga yayarta, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin rahama a makwancinki. Labarin ɗanki Nasiru na kawo miki, wanda kika bar mini riƙonsa.

A dogon hutun nan wasu samari da 'yan mata suka buɗe wani shiri a firamaren unguwarmu nan Gumel, wai za su koya wa yara zane-zane da saƙa da tatsuniya da wasan kwaikwayo. Kyauta, har da abincin rana. Kin san halina, Yaya. Duk wanda ya ciyar da ɗan wani bai nemi komai ba, sai na bi shi da ido. Ga su kullum waya a hannu, suna ɗaukar 'ya'yan mutane hoto. Na tambayi inda ake kai hotunan, aka sallame ni da murmushi da dogon Turanci.

Na bar shi ya je ne don ya ce zane yake so. Tun rasuwarki bai taɓa buɗe baki ya ce yana son wani abu ba.

To amma mai zane ai a hannunsa ake gani. 'Ya'yan maƙwabta suna dawowa da fenti har a kunne, naki yana dawowa tas. Na ce ya nuna mini abin da ya zana, ya ce malamai ke ajiyewa. Sai na lura yatsunsa ba sa zama wuri ɗaya. Murfin tukunya, bayan kwano, gwiwarsa, duk abin da ya samu sai ya ƙwanƙwasa. Nan na fara zargin kiɗa ake koya masa.

Kin san dangin ubansa na garin Sule Tankarkar, gidan malamai ne. Har yau Baffansa bai huce ba da aka bar maraya a hannun dangin uwa, dalili kawai yake nema. In ya ji an ce ɗan ƙaninsa ya rataya ganga kamar ɗan maroƙa, wallahi ko kwana ba za a yi ba zai turo babur a ɗauke shi. Ni kuwa ba ni da bakin hanawa.

Sai na yafa mayafi na bi bayansa, niyyata in jawo shi da kunne, in kuma gaya wa malaman shirin nan abin da ba su taɓa ji ba.

Na same shi a gindin darbejiya bayan azuzuwa, zaune gaban wani tsohon makaɗi da suka ɗauko daga Maigatari. Zargina ya tabbata, ganga ce a hannunsa. Na ɗaga ƙafa ke nan ya fara kaɗawa.

Yaya, lugudenki ne. Wannan da kike yi tun muna 'yan mata in muna dakan fura, ki cilla tabarya sama, ki tafa, ki cafe, Inna tana faɗa daga ɗaki wai za ki fasa mata turmi. Har ɗan jinkirin nan da kike yi kafin ki sauke, yaron nan bai bar shi ba. Tsohon ma sakin baki ya yi yana kallonsa. Ba a makarantar nan ya koya ba, a bayanki ya ji shi yana goye.

Na raɓe jikin katanga na yi kuka har mayafina ya jiƙe, sannan na koma gida ni kaɗai.

Kada ki ɗauka na yarda da mutanen nan, har gobe ban san abin da suke nema ba. Ranar Asabar za su yi bikin rufewa a gaban iyaye, da wayoyinsu a hannu, kuma kafin magariba hoton zai isa Sule Tankarkar. Na sani sarai. Amma na wanke masa farar rigarsa, na goge, kuma a sahun gaba zan zauna. In dangin ubansa sun ɗauke shi, ki yafe mini. Na kasa raba shi da ɗan abin da ya rage masa naki.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya sanyaya zuciyar Baffansa, Ya bar mini yaron nan.

Ƙanwarki mai kewarki,
Rabi