Muryar Mai Zobe

Yaya,

Ina gaisuwa. Ya jikin Inna, ya yara da maigidan? Ni lafiya lau, aiki na tafiya.

Kin ce in gaishe miki da Mai Zobe, mawaƙin da muke naɗar waƙoƙinsa, wai muryarsa na sa ki hawaye. Yaya, ni ma tana sa ni, amma ba irin naki ba. Da kin ji ta kafin in taɓa na'ura, sai ki ce tsohuwar ƙofa ake ja. Ni nake rage mata tsini, in ƙara mata kauri, in danne inda ya yi ihu, in ɗaga inda numfashi ya ƙare masa. Sannan in sa amsa-kuwwa kaɗan, ya zama kamar a babban zaure yake rerawa.

Shi kuwa kullum sai ya ce, "Ƙara min kuwwar nan!"

Na ce, "Ranka ya daɗe, in ta yi yawa kalmomin za su nutse."

Ya ce wai ni zan koya masa waƙa? Na ƙara. Ya koma kamar mai kira daga cikin rijiya, yana ta gyaɗa kai, an yi gwani.

Kuma sai an ƙure masa lasifika wuni guda, don ya ji kansa da kyau. Kunnena na hagu ya fara ƙugi, likita ya ce in huta, amma ba wani abu ba ne. Kada ki gaya wa Inna. In za ta kira ni, ki ce ta riƙa ɗaga murya, layin nan ne ba shi da kyau.

Allah ya bar mu tare.

Ƙaninki