Ina Gadin Firiji, Suna Ɗaukar Hoto

Malama, don Allah ki taimake ni da shawara kafin in tsufa in mutu a kan kujerar falo. Ni ma'aikacin gidan waya ne mai ritaya, ina zaune da matata a hawan ƙasa na wani benen haya, 'ya'yanmu duk sun girma. Lafiyata ƙalau, ƙafafuna ma ba abin da ya same su, amma ba ni da ikon fita daga gida sai in matata na ciki.

Abin ya samo asali tun muna sabon aure. Mun je duba mahaifiyarta a asibiti, muka dawo muka tarar da ƙofa a wangale. An kwashe rediyo, an kwashe tukwane, har labule ba a bar mana ba. Wanda ya fi ci mata rai shi ne keken ɗinkin da mahaifinta ya saya mata kafin ya rasu. Daga ranar ta kafa doka cewa ba za a sake barin gidan nan ba kowa, ko da sayen gishiri za a je. Ni ma a lokacin na goyi bayanta, don na ga irin kukan da ta yi.

Da farko karɓa-karɓa muke yi. Ranakun aiki tana gida tana ɗinkinta, in taro ya taso sai mu duba wa ya fita a na baya. To sai bakina ya ja mini. Wata rana na dawo daga wata liyafa na ce hayaniyar ta sa mini ciwon kai. Sau ɗaya tak na faɗa, Malama. Tun daga nan take sanar da dangi cewa Malam ba ya son taro, kuma tana faɗa ne da tausayi, kamar wadda ke rufa mini asiri. Da na yi ritaya kuwa, sai aikin ya zama nawa dindindin, ba albashi ba hutu.

Ki zo falonmu ki ga bango. Hotuna ne reras: ga na liyafar auren babban ɗanmu, ga na ranar da 'yarmu ta buɗe shagonta, ga na jikoki. Kowa na ciki, har da maƙwabcin da ba ma shiri da shi. Ni kaɗai ne babu. Wata tsohuwa daga dangin surukarmu ta taɓa zuwa, ta ƙare wa hotunan kallo, ta riƙe hannun matata ta soma yi mata ta'aziyya, alhali ina kicin ina dafa mata shayi. Wani baƙo kuma da na buɗe wa ƙofa ya tambaye ni ko masu gidan na nan, da zai tafi ya damƙa mini ɗan canji ya ce in ci gaba da riƙon amana. Na karɓa, don bayanin ya fi ƙarfina.

Kuma abin haushin, gadin ma bai hana komai ba. Bara ina zaune a falo, gorata na jingine a bayan ƙofa ina jiran ɓarawo, ashe mutumin benen sama ya bar famfo a buɗe ya tafi aiki. Sai ji na yi ruwa na ɗiga mini a tsakar ka. Kafin in gama jan katifa, talabijin ya sha, kafet ya sha, kujerar da nake gadi a kai ta fi kowa sha. Har yau shatin ruwan na nan a bango. Da matata ta dawo ta ga ɓarnar, cewa ta yi mai gadin kirki yana ɗaga kai ya duba sama lokaci-lokaci.

Duk wannan na shanye. Abin da ya kawo ni gare ki shi ne Auta. Ta gama karatun haɗa magunguna a wani gari mai nisa, za a yi taron yaye su wata mai zuwa, tafiyar kuma sai an kwana. Ta bugo waya tana kuka, ta ce ta gaji da yi wa ƙawayenta rantsuwa cewa babanta na raye. Uwarta ta ce to ita za ta zauna, ni in je. Auta ta ce mu biyu take so, in ba haka ba ba za ta sa rigar yayen ba. Ita ce ta kawo maganar inshorar kayan gida.

Matata ta ƙi. Ta ce barin baƙo ya shigo ya ƙirga mata kaya daidai yake da nuna wa ɓarawo hanya. Ta ce biyan kuɗi a kan masifar da ba ta zo ba kamar aika mata goron gayyata ne. Sannan ta dube ni ta ce me za mu yi da inshora alhali muna da ni, kuma kyauta nake. Na yi dariya a gabanta, amma wallahi maganar ta yi mini zafi.

Ni kaina ban gama gane abin ba. In na yi ta biya ba abin da ya faru, kuɗina sun tafi ke nan? Ina so in ga 'yata a cikin rigar nan da idona, kuma ba na so in ga matata tsaye a taro zuciyarta na kan firiji. Yaya zan yi?

Mai gadin gidan kansa

*

Malam Mai Gadi,

Na yi dariya a wajen ta'aziyya, amma da na zo kan Auta dariyar ta tsaya. Bari in fara da matarka, don ba na so ka ɗauke ta muguwa. Ba firiji take gadi ba. Har yau keken mahaifinta take tsaro, duk da ya daɗe da tafiya, kuma babu kamfanin da zai dawo mata da shi. Idan ka fara maganar inshora ba tare da ka faɗi wannan ba, za ta ji kamar ana yi wa baƙin cikinta farashi. Sai dai ita ma ta yi kuskure. An sace mata keke sau ɗaya, ita kuma ta ɗauke wa yara uba daga kowane taro nasu.

Inshorar kayan gida ba wani abu mai wuyar ganewa ba ne. Gidaje da yawa ne ke zuba ɗan abu kaɗan-kaɗan, wanda tsautsayi ya faɗa wa sai a biya shi ya maye gurbin abin da ya rasa. Yawanci takan ƙunshi sata da gobara da ɓarnar ruwa, wato har da irin baƙon da ya sauko maka daga sama, wanda gora ba ta iya masa. Da kuna da ita bara, mai yiwuwa da yanzu a kan busasshiyar kujera kake rubuto mini. In kuwa shekara ta wuce lafiya, kuɗinka ba su tafi a banza ba, su ne suka ba ku damar kulle ƙofa ku juya mata baya tare. Ka gaya wa uwar gida cewa makullin da ta sa wa ƙofa bai taɓa gayyato ɓarawo ba, wannan ma haka yake.

Amma kada ka sa hannu ido rufe. Ka nemi kamfani mai rajista, ka tafi da ɗaya daga cikin yaranka ku karanta sharuɗɗan a tsanake. Ka tambayi irin makullin da suke so, da tsawon lokacin da aka yarda gida ya zauna ba kowa, da ko kuɗin sabon kaya suke biya ko na wanda ya sha jiki. Ka faɗa musu tana ɗinki a gida, don kayan sana'a sukan zama daban. Batun baƙon da zai ƙirga kaya kuma, sau da yawa hotunan kayan da kuka ɗauka a waya da rasit sun wadatar, ka tambaya tukuna. In zuciyarta na da shakku ta fuskar addini, akwai irin wadda aka gina a kan taimakekeniya, ku bincika. Abubuwan da ba su da madadi ta kai su ajiya wurin babbar 'yarku. Ku sanar da maƙwabci ɗaya amintacce za ku yi tafiya, ka kuma hau sama ka roƙi mutumin nan ya riƙa duba famfonsa.

Saura biyu, kuma babu kamfanin da zai yi maka su. Ka zaunar da ita ku biyu, ba tare da Auta a waya ba, ka janye maganar ciwon kan nan a hukumance. Sannan ka gaya mata kalmar kyauta ta yi maka ciwo. Ina kyautata zaton ba ta sani ba, tunda dariya ka nuna mata.

Ranar taron ka tsaya a tsakiya, Auta a damanka, uwarta a hagunka. In ta fara zancen firiji ka riƙe hannunta har mai hoto ya gama. Ku wanke hoton babba, ku rataye a kan shatin ruwan nan. Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya, ya yi wa karatun Auta albarka.