Aduwar da Na Shuka a Sin

Zuwa ga Babana Jibirin, a garin Hajj Abdalla.

Assalamu alaikum. Yaya ƙafar Inna? Hawasharmu, gonar nan tamu, ta samu ruwa bana?

Ni lafiya lau, karatu na tafiya. Jiya malaminmu ya kai mu daji a nan kudancin Sin. Kan tudu, inda ƙasa take ja, itatuwan sirara ne, kusan iri ɗaya. A kwari kuwa, inda ganye ya ruɓe, sun yi kauri, ga su iri-iri. Na ɗebi jar ƙasar na ɗanɗana, yadda kake yi. 'Yan ajinmu suka yi ta dariya. Na ce tsami gare ta, na'ura ma ta ce haka.

Sai na tuna ranar da ka nuna mini bagaruwa tana bin lakar bakin kogi, aduwa kuma tana can kan baƙar ƙasa mai tsagewa.

Ƙwallon aduwar da ka ba ni ya tsiro, amma ganyen sai rawaya yake yi. Ba ruwa ta rasa ba, Baba, ƙasar ce ba tata ba. Kada ka karanta wa Inna wannan layin, za ta ce ba aduwa nake nufi ba.

Allah ya ƙara girma.

'Yarka,
Najwa