Na Tafi da Wayar Wutar Kujerar Baba

Yaya Wendell,

Kana barci na fita, bas ba ta jira. Kada ka wahala wajen neman wayar wutar kujerar Baba, tana jakata.

Yau kwanansa biyar bai yi bayan gida ba. Ɗazu na same shi a banɗaki yana nishi, ya ce, "Lorna, ko ƙarfin yunƙurin babu." Na kira likitarsa, ta ce in naman jikin tsoho ya zube, cikin ma sanyi yake yi. Na san don ƙauna ka sayo kujerar nan mai miƙar da mutum tsaye, amma tun zuwanta ƙafafunsa suka yi ritaya. Ga taliya da cukun da kake kai masa har gaban talabijin!

Wake na kan murhu. In ya ci, ka taka da shi zuwa akwatin wasiƙu na bakin titi. Zai zage ka, ka shanye.

Jiya murfin kwalbar zuma ya gagare shi, Yaya. Mutumin da yake saɓa mu, mu biyu, a kafaɗa muna yara.

Lorna