Madarar da Apa ta zuba wa maciji

Gauhar,

An ga macijinki. Yana da rai, amma ba yadda kika san shi ba. Na wuce aiki, ba zan iya jiran ki taso daga asibiti ba.

Ashe tun jiya mahaifiyata Apa ta ci karo da shi a cikin bargunan da ta zo da su daga ƙauye. Kin san mun ɓoye mata muna kiwonsa. Ba ta yi ihu ba, ba ta ɗauki sanda ba. Madara ta zuba masa a ka, yadda ake yi wa macijin da ya shigo gida a al'adar ƙauyenmu, ta lallaɓa shi har waje tana cewa, "Baƙona, fita lafiya, ka bar mu lafiya." A wannan sanyin.

Da safen nan na tsince shi a ƙarƙashin matakala, ya sandare kamar busasshen reshe. Na mayar da shi akwatinsa. Kar ki kai shi jikin hita, a hankali zai ɗumama. Kar ki ba shi ɓera. Bakinsa a buɗe yake, numfashinsa na ƙara. Ki kira likitan dabbobi.

Apa tana kicin, ko shayi ta ƙi sha. Cewa take ta kashe baƙo da hannunta, masifa za ta faɗa wa gidan ɗanta. Don Allah kar ki yi mata faɗa.

In ya mutu kafin in dawo, ki rufe akwatin, ki ce wa Apa barci yake. Uwata ce, ni zan gaya mata.

Sanjar