Tsokar da Ta Tsaya wa Malam Sha'aban

Daura, Talata

'Yata Haulatu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ni dai sai ciwon gwiwar da kika sani.

Na daina fita cin abinci da maƙwabta. Ranar Juma'a muna cin naman sunan jikan Malam Sha'aban, abokina na shekara arba'in, surukansa na Mashi suna zaune. Sai na ga Malam ya kama wuyansa, ba tari, ba magana. Kunyar surukai ta sa ya miƙe ya shige zaure. Kowa ya ɗauka kewayawa zai yi, kuma ba a bin dattijo.

Shekara talatin ina koyar da kiwon lafiya a Sandamu, ina cewa mai tari a bar shi ya yi tarinsa, wanda ya kasa tari shi ne a bakin mutuwa. Na bi shi. Na sunkuyar da shi, na bugi tsakanin kafaɗunsa sau biyar. Tsokar da ta maƙale masa ba ta fito ba. Na rungume shi ta baya, na dunƙule hannu sama da cibiyarsa, na fizgo ciki da sama. A na uku tsokar ta faɗo. Hularsa ma ta faɗi, surukai suna leƙe.

Yanzu zancen unguwa shi ne na doki dattijo. Ɗansa Musaddiq ya ce ruwa ya kamata in ba shi. Ta ina ruwan zai wuce? Shi kuwa Malam, tun da aka duba shi a asibiti bai aiko ba. Na gaji, Haulatu. Ban san wa na koyar ba duk shekarun nan.

Ki gaishe da yara.

Mahaifinki,
Kalilu

Daura, Lahadi

'Yata Haulatu,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ga saƙonki, kada ki taso.

Jiya bayan la'asar Malam Sha'aban ya zo gidana da kwanonsa da kansa. Bai tayar da maganar ba, ni ma haka. Da ya buɗe, nama ne yankakke ƙanana kamar na yaron yaye. Unguwa tana nan kan bakanta, ban kuma damu ba.

Abu ɗaya na lura. Bai zauna a gefensa na kullum ba. Ya matso ya zauna inda hannuna zai kai bayansa.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki,
Kalilu